Kabarin Tasalla a Cikin Jirgin Ruwa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya tara ruwa wuri guda ya hana shi hutawa, ya halicci ɗan Adam da turɓaya sannan ya ɗora masa son yawo. Ku matso ku ji farkon tafiyata a kan teku. Na yi yawo bayan wannan, na ga abin dariya na ga abin tsoro, amma babu wanda ya yi mini ciwo kamarsa.

Ni ne Nomau ɗan Barmo, mutumin Kurmin Gawo, can bayan tsaunukan Dargaza inda ba a san wani ruwa da ya wuce na rijiya da na kogin damina ba. Wata shekara rijiyoyinmu suka fara ɗanɗanon gishiri. Tun muna sha muna yatsine fuska, har ya zamana akuya ma in ta sunsuna sai ta juya. Gero ya ƙi, mutane suka fara watsewa. A bakin fatake na ji cewa a hayin Baƙin Teku akwai wani birni, Salwaya, wanda mutanensa suka san yadda ake raba ruwa da gishiri. Ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai, in abu ya shiga raina ba ya fita sai na taɓa shi da hannu. Na ce zan je in koyo.

Abin da ya rage mini a duniya kakata ce, Tasalla, wadda ta raine ni tun rasuwar iyayena. Tsohuwa ce 'yar firit, mai kaifin baki, kuma tsakaninmu wasan kaka da jika bai taɓa mutuwa ba: ita tana ce mini Maigida, ni ina ce mata Amarya. Na shirya in bar ta wurin dangi. Da na je yi mata sallama sai na tarar ta riga ni ɗaure kaya, har da muciyarta a soke a ƙulli.

Na ce, "Amarya, ina zuwa haka?"

Ta ce, "Inda za ka mana. Kai da ko ruwan zafi ka ɗora sai ya ƙone, wa zai tuƙa maka tuwo a can?"

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira mata tsufanta. Ta bar ni na gama, ta ɗora ƙullinta a ka ta wuce gabana. A wurinta na gaji taurin kan, to ina zan iya da mai asalin abu?

Muka ratsa daji da tudu har muka iso tashar Gwalmi a bakin teku. Da ta ga ruwan ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan tafkin, wa ya bari ya lalace haka?" Muka sami jirgi mai zuwa Salwaya, irin wanda iska ke turawa. A tsakiyarsa akwai wani dogon itace, a jikinsa ake ɗaura makeken zane, in iska ta cika zanen sai jirgi ya tafi. Sarkin jirgin sunansa Arzika, dogo ne marar yawan magana. Ya dube ni, ya dubi tsohuwa, ya ce, "Iya, hanyar nan da nisa fa." Ta ce masa, "Ɗan nan, ai ba ni zan ɗauki jirgin ba."

Aka kwance igiya, aka ɗaga zane, 'yan jirgi suna ja suna waƙa. Ƙasa ta fara ja da baya. Da fari muna ganin mutane, sai dabinai kawai, sai wani siririn layi kamar zare, daga nan babu. Tsuntsayen da suka rako mu su ma suka gaji suka koma. Ban san mutum yana ƙaunar ƙasa ba sai ranar da na waiga ko'ina ban gan ta ba.

Zaman jirgi zama ne na koyon komai daga farko. Tafiya sai ka buɗe ƙafafu kamar mai ƙurji a cinya. Ruwan sha da awo ake bayarwa, alwala kuwa da ruwan teku, wanda in ya bushe sai ya bar maka fari a gemu. Ka tayar da salla kana fuskantar gabas, kafin ka kai raka'a ta biyu jirgi ya karkata, gabas ta koma kunnenka na hagu. Ni da na cika baki a gida, ni ne na fara kifewa da jiri da amai, na kwanta a gefen igiyoyi ina kiran mutuwa ba ta amsa ba. Amarya tana zaune a kaina tana yi mini fifita tana cewa, "Ka ga namijin duniya. Wannan ne zai raba ruwa da gishiri? Ka fara raba cikinka da tuwon jiya tukuna."

Ita kuwa ko gezau. Kafin in warke ta riga ta ci garin kicin da yaƙi. Mai dafa wa jirgin abinci wani gajeren mutum ne mai saurin fushi, Mijinyawa, wanda murhunsa ke cikin akwatin yashi don kada wuta ta kama katako. Ta ɗanɗana tuwonsa sau ɗaya ta ce wannan ko fursuna aka ba ya sami hujjar gudu. Suka yi ta cacar baki, shi yana cewa a fitar masa da tsohuwar nan, ita tana cewa a ba ta tukunya. Ƙarshenta ta zaro muciyarta ta tuƙa, ta jefa daddawarta a miya, 'yan jirgi suka ci har da suɗe kwano. Mijinyawa ya kwana yana kumburi, daga baya na gan shi tsugune kusa da ita yana kallon yadda take juya hannu.

Da na miƙe sai ita ta kwanta. Nata ba jiri ba ne. Zazzaɓi ne ya shige ta, da tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Arzika ya ce a sauka da ita cikin cikin jirgi, inda rawar ruwa ba ta da ƙarfi. Muka bi tsani muka sauka, sai ga abin da ban zata ba: ƙasan jirgin duk yashi ne, tuli guda, daga wannan bango zuwa wancan. Ashe haka suke yi, suna zuba yashin bakin teku don ya ba jirgi nauyi kada iska ta kifar da shi. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ture tabarmar ta kwanta a kan yashin, ta cusa yatsunta ciki, ta ja numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe da mutunci a jirgin nan."

Wata la'asar ta kira ni ta ce in kwance ƙullinta. A ƙarƙashin kuka da daddawa na tarar da farin ƙyalle a ninke. Likkafaninta ne, tun daga gida ta taho da abinta. Na ce mata ta bar wannan wasan, bai yi mini daɗi ba.

Ta ce, "Nomau." Tun da nake ban taɓa jin sunana tsirara a bakinta ba. "Na tambayi Mijinyawa yadda suke yi da wanda ya mutu a nan. Ya ce dutse suke ɗaura masa su sake shi a ruwa. Kakanka kogi ne ya tafi da shi, ko hularsa ba mu gani ba. Shekara da shekaru mata suna zuwa kan kabarin mazajensu, ni ban san inda zan tsaya ba. Kada ka ba ruwa ni. Ka sa ni a ƙasa."

Na ce, "Amarya, sai mun isa Salwaya kin tuƙa musu tuwo."

Ta ce, "Ban tambaye ka Salwaya ba. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata. Na ɗauki alkawarin ba tare da na san inda zan sami ƙasa a tsakiyar teku ba, don na ɗauka ba za a kai ga haka ba. Washegari da hantsi, ina ba ta ruwa a ludayi, ta yi shahada, hannunta ya saki nawa. Na zauna ina kallon fuskarta ina jiran ta buɗe ido ta zage ni. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina, don ran nan akwai wanda ya goya ni.

Matar wani falke da ke cikin jirgin ta yi mata wanka ta sa mata likkafani. Ba a gama ba muka ji wani abu ya daki jirgin daga ƙasa, dum, har tukwane suka zube. Na hau sama na tarar 'yan jirgi sun yi cirko-cirko a gefe suna leƙen ruwa. Wasu kifaye ne baƙaƙe, kowanne ya fi raƙumi tsawo, kansu kamar turmi, suna kewaya mu. 'Yan jirgi suna kiransu magada. Duk inda rai ya fita a kan teku suna jin ƙanshinsa, su taho, kuma ba sa barin dukan jirgi sai an ba su gawar ko sun fasa shi sun ɗauka da kansu.

Arzika ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Nomau, Allah ya jiƙan Iya. Mu yi mata salla mu sallame ta."

Na ce, "Ba za ta shiga ruwa ba."

Mijinyawa ya taso mini, idonsa jajur, ban sani ba ko na kuka ne ko na fushi. "Kai baƙauye, ka san abin da kake faɗa? Rai nawa ne a jirgin nan? Ita ta huta, mu kake so a cinye?" Wasu suka fara matsowa. Na tsaya a bakin tsanin na zare wuƙata, ni da ban taɓa yanka abin da ya wuce kaza ba. Aka sake dukan jirgin, na faɗi a gwiwa, na ga yashi manne a ƙafar wandona.

Na ce, "Sarki, ƙanshi suke bi, ko ba haka ba? To ƙasa tana rufe ƙanshin mamaci, don haka aka san ta. Ga ƙasa a cikin jirginka. Ka bar ni in haƙa. In na rufe ta ba su tafi ba, ni da hannuna zan miƙa ta."

Arzika ya leƙa bakin tsanin, jirgi yana girgiza. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an yi haka ba, amma bai taɓa jin an hana ba. Ya ba ni shebur.

Na haƙa a wurin da ta kwanta jinya, inda yashin ya fi zurfi. Yashi ba ya tsayawa kamar jar ƙasa, kana haƙa yana komawa, sai da aka kawo allunan katako aka tokare gefe da gefe. Da muka zo sa ta sai falken nan ya ce, "To ina gabas?" Muka dubi juna. Kabarin yana yadda jirgi ya sa shi, jirgi kuma yana bin hanyarsa. Arzika ya hau sama. Muka ji yana ba da umarni, igiyoyi suna kuka, jirgin duka ya juyo a hankali ya bar hanyarsa, har hasken da ke shigowa ta bakin tsani ya koma wani gefe. Ya leƙo ya ce, "Yanzu tana kallon gabas. Ku yi sauri, iska ba za ta bar ni in riƙe shi haka ba."

Muka yi mata salla, muka kwantar da ita a kan damanta, muka jera katako muka mayar da yashi, na tara shi ya yi tudu. Dukan ya ragu, ya koma gogar jiki, daga nan shiru. Da na hau sama na ga bayan magada suna nitsewa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan jirgi suka yi ta kabbara. Ni dai na koma ƙasa na zauna kusa da ita.

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu sauƙi a cikin baƙin cikina. Iska ta yi kyau, zane ya cika. Na koyi jan igiya da ɗinkin zane don kada zama ya kashe ni. In na gama sai in sauka in gaya mata abin da aka yi: yau an kama kifi mai fiffike, yau Mijinyawa ya yi gudaji a tuwo. Har 'yan jirgi suka saba, mai saukowa ɗaukar kaya sai ya tsaya ya yi mata addu'a. Arzika ya ce in mun isa Salwaya za a kwashe ta da yashinta a kai maƙabarta. Na ji a raina na fita kunyarta.

Wata safiya na sauka na ji ƙafata ta lume cikin danshi. Na kira, aka zo aka duba. Ashe dukan da magada suka yi ya tsaga wani katako a ƙasan jirgin, ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin yashi tun ran nan ba wanda ya sani. Aka shiga kwarfa da guga, ana haƙa ana neman tsagar. Aka tone gaba, aka tone baya, ko'ina katako lafiya. Tudun Amarya kaɗai ya rage kamar tsibiri, kuma daga ƙarƙashinsa ruwan ke ɓulɓulowa. Dama nan suka fi duka, don nan take kwance.

'Yan jirgi suka daina tono. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Suka tsaya riƙe da shebur, ruwa yana cin idon sawunsu, suna kallon ƙasa. Arzika ya ja ni gefe ya ce, "Sai an kai ga katakon nan kafin azahar, in ba haka ba tsagar za ta buɗe. In an tone ta kuma magada za su dawo, jirgin ba zai ɗauki wani dukan ba. Ba zan sa a taɓa ta ba sai ka ce. Amma ka dubi matar falken nan, ciki gare ta."

Na dubi tudun. Ita ta ce kada in ba ruwa ita, ga shi ruwan ya biyo ta har cikin kabari. Na ji haushin teku, na ji haushin Salwaya da masu labarinta, na ji haushin ta da ta ɗaure ƙulli ta biyo ni, na ji haushin kaina fiye da kowa. Na buɗe baki zan ce a tone.

Sai Mijinyawa ya ce, "Sarki, kwalekwalen fa?"

A bayan jirgin akwai ƙaramin kwalekwale guda ɗaya a ɗaure. Da shi ake zuwa gaɓa ɗebo ruwa, shi ne kuma abin tsira in jirgi ya nutse. Wani ya ce, "Ka haukace? In gyaran bai kama ba da me za mu fita?" Mijinyawa ya ce, "Mutum nawa zai ɗauka cikinmu? Da a yi faɗa a kansa gara a ba Iya. Tsohuwar nan ta ciyar da mu." Arzika ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana jiran mai musu. Wanda ya yi maganar ya sunkuyar da kai ya ce, "A ba ta."

Muka zuba busasshen yashi a cikin kwalekwalen. Na tone ta da hannuna ba da shebur ba. Gefen likkafanin ya jiƙe, na cire rigata na rufa a wurin. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ni kaɗai na hau tsani da ita. Kafin mu kwantar da ita an hango bayan magada daga nesa suna tsaga ruwa, muka yi ta zuba yashi da kwano da tukunya da tafin hannu. Yashin da ya bushe bai isa ba, Mijinyawa ya ruga ya kashe wutarsa ya juye na akwatin murhunsa a kai, da ɗuminsa. Muka daddaɓe tudun, na kafa guntun katako wajen kanta. Wani ya ɗaura ɗan ƙyalle a sanda don iska ta sami abin turawa. Aka sassauta igiya, kwalekwalen ya sauka ya zauna a kan ruwa, bakinsa saura kaɗan ya taɓa teku.

Magada suka iso. Suka kewaya shi, ɗaya ya goga jikinsa har ya yi tangaɗi. Suka sake kewayawa, sannan suka nitse suka tafi. Igiyar tana hannuna. Arzika ya ce, "Malam Nomau." Na ce, "Amarya, ga ƙasarki nan, iyakar abin da na iya ke nan. Ki yafe mini." Na sake ta.

A ƙasa ana ta buga guduma ana toshe tsaga, ni ina tsaye ina kallon kwalekwalen yana hawa yana sauka. Ya ƙanƙance ya koma kamar ƙwarya, ya koma ɗigo. Na hau dogon itacen nan har ƙarshensa, ni da tsani ma ke ba ni jiri, na ci gaba da kallo har idona ya kasa raba shi da ruwa. Da na sauko babu wanda ya ce in ja igiya. Ran nan ba a hura wuta a jirgin ba, garin rogo muka jiƙa.

Gyaran ya kama, muka isa Salwaya. Abin da na koyo a can da yadda na koma da shi, wannan wani zance ne, kuma ba shi ya tara mu ba.

Na san abin da kuke cewa a ranku. Kwalekwale cike da yashi, a Baƙin Teku, igiyar ruwa ɗaya ta ishe shi. Arzika ma bai taɓa ce mini zai kai gaɓa ba, ni kuma ban tambaye shi ba. Amma ni ban ga nutsewarsa ba, kuma ba zan ba da shaidar abin da ban gani ba. Don haka ku masu shiga teku, in wata rana kuka hangi ƙaramin kwalekwale ba matuƙi, da tudun yashi a cikinsa da guntun katako a tsaye, kada ku ji tsoro, kada kuma ku taɓa yashin. Ku sassauta zanenku ku karanta mata Ƙulhuwallahu. Sunanta Tasalla 'yar Kurmin Gawo. In da mai ƙarfin hali a cikinku, ya ja ta zuwa gaɓa.

Iyakar abin da na gani ke nan, saura yana wurin Mai ruwa da ƙasa.